Yadda Ake Shimfiɗa Bututun Ƙasa Don Injin Ɗumama Gida a Ingila

Duk wanda ya taɓa ɗibar ruwa a rijiya da asubahin hunturu ya san yakan fito da ɗumi, alhali wanda ya kwana a bokiti a tsakar gida ya yi sanyi ƙarara. Dalili shi ne ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. A Ingila, inda wannan bayani ya dosa, idan aka nutsa mita 10 zuwa 15 za a tarar da ɗumin ƙasa yana tsakanin digiri 8 da 12 duk shekara, ko da dusar ƙanƙara ta rufe sama. A zurfin mita ɗaya da 'yan kai ɗumin yana hawa yana sauka da yanayi, amma ba ya kaiwa sanyin da iska ke kaiwa a watan Janairu.

Wannan ɗan ɗumi ne injin ke janyowa. Ana binne dogon bututun roba, ana zagaya ruwa mai sanyi a cikinsa, ruwan ya dawo ya ƙaru da kamar digiri 3, sai injin, wanda yake aiki da gas da kwamfuresa irin na firiji, ya tattara wannan ƙari ya ɗaga shi zuwa digiri 35 ko 45 ko fiye, ya tura wa bututun ƙarƙashin daɓe ko radiyeta. Kowane kilowat ɗaya na lantarki yakan ba da kilowat 3 zuwa 4 na ɗumi. Injin kansa yakan yi kimanin shekara 20, kuma idan ya tsufa ana iya cire shi a sa wani cikin yini ɗaya ko biyu. Bututun da ke ƙasa kuwa an yi shi ne don ya wuce shekara 50, kuma duk kuskuren da aka binne tare da shi ba ya gyaruwa sai an sake tone lambu. Saboda haka kusan duk dokokin wannan aiki suna komawa ga abin da za a tabbatar kafin a mayar da ƙasa.

Akwai batun kuɗi da ya kamata a sani tun farko. Shirin gwamnati mai suna Boiler Upgrade Scheme, wanda ya shafi Ingila da Wales, yana ba da tallafin fam 7,500 tun daga watan Oktoba na 2023, amma sai idan ɗan kwangilar da ya yi aikin yana da shaidar MCS, wato tsarin da ke tantance masu kafa irin wannan inji a Birtaniya. Mai gida zai iya ɗaukar nauyin haƙa da binnewa don rage kashe kuɗi idan ɗan kwangilar ya yarda, sai dai lissafin tsari da gwaji da tayar da injin suna hannun ɗan kwangila, kuma bai kamata a taɓa shebur ba sai an ga zanensa a rubuce.

Lissafi kafin haƙa

Mataki na farko ba a lambu ake yinsa ba, a cikin gida ake yi. Ana auna kowane ɗaki, da bangonsa da tagoginsa da rufinsa, a lissafa yawan ɗumin da gidan ke zubarwa a ranar da ta fi sanyi. A ɗauka lissafin ya ba da kilowat 8. Idan injin yana ninka lantarki sau 4, to kilowat 2 daga lantarki zai fito, sauran kilowat 6 kuma ƙasa ce za ta bayar. Wannan 6 ɗin ita ce ake yi wa bututu awo, ba 8 ba. A nan akwai abin da yakan ruɗi mutane: injin da ya fi inganci ya fi buƙatar dogon bututu, domin kason da yake karɓa daga ƙasa ya fi yawa.

Daga nan sai a san irin ƙasar. Taswirar hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya tana nuna abin da ke yankin gaba ɗaya, amma ba ta maye gurbin ramin gwaji, don haka a haƙa rami ɗaya ko biyu zuwa zurfin da za a shimfiɗa bututu, a duba da ido, a damƙa da hannu. Abin da ake nema shi ne danshi, domin ruwa ne ke kai ɗumi daga ƙwayar ƙasa zuwa wata, iskar da ke tsakanin busasshen yashi kuwa tare shi take yi. Ƙa'idar Jamus mai lamba VDI 4640 ta ba da ƙiyasi ga injin da ke aiki awa 2,400 a shekara: busasshiyar ƙasa mai yashi tana ba da wat 8 a kowane murabba'in mita, yumɓu mai danshi wat 16 zuwa 24, yashi ko tsakuwa da ruwa ya jiƙe sharkaf kuma wat 32. A gidanmu na misali, idan ƙasar yumɓu ce mai ba da wat 20, za a raba wat 6,000 (wato kilowat 6 ɗin nan) da 20 a samu murabba'in mita 300. Gidan nan dai, idan a kan busasshen yashi yake, sai ya nemi murabba'in mita 750. Waɗannan alƙaluma don mai gida ya san ko filinsa zai isa ne kawai. Ɗan kwangila zai yi amfani da jadawalin MCS, wanda yake la'akari da matsakaicin ɗumin yankin da yawan awannin aiki.

Sharaɗin MCS a nan a fili yake: a tsara bututun ta yadda ruwan da ke shiga injin ba zai sauka ƙasa da digiri sifili ba har tsawon shekara 20. Abin da ake gudu shi ne a riƙa zuƙe ɗumi fiye da yadda ƙasa ke mayarwa. Idan bututu ya yi gajere, hunturun farko zai iya wucewa lafiya, a na biyu ruwan ya fara dawowa da sanyi fiye da kima, injin ya ƙara shan lantarki don ya cike giɓin, ƙanƙara ta taru a jikin bututu har ta ɗaga ƙasa, ciyawar lambu ta yi tudu da kwari a kan layin ramin. A ganina idan za a yi kuskure a awo, gara a yi shi ta wajen ƙari, domin kuɗin mita 50 na bututu ba komai ba ne idan aka kwatanta da sake kiran motar haƙa. Haka kuma duk abin da aka kashe wajen toshe rufi da tagogi kafin a yi lissafi yana rage tsawon ramin da za a haƙa.

Zaɓen wuri da neman izini

Ɗumin da bututu mai zurfin mita ɗaya ke samu ba daga cikin ƙasa can ƙasa yake tasowa ba, kusan dukkansa rana ce da ruwan sama suke zuba shi daga sama a lokacin bazara. Don haka ba a shimfiɗa shi ƙarƙashin gini, ko kankare, ko kwalta, ko inda ake da niyyar ƙara ɗaki nan gaba. Ciyawa da furanni da kayan lambu masu gajeriyar saiwa ba su da illa. Manyan itatuwa kuwa a kauce musu, a bar aƙalla faɗin inuwar rassansu, domin haƙa yana yanke saiwa, saiwa kuma tana tsotse danshin da ake buƙata. A bar tazarar mita ɗaya da rabi tsakanin bututun da harsashin gini, da bututun ruwan sha, da na magudanar bayan gida, saboda sanyin da yake yaɗawa zai iya daskarar da su.

A Ingila yawancin gidaje ba sa buƙatar izinin gini don wannan aiki, amma gidan da aka yi wa rajistar tarihi sai an tuntuɓi ƙaramar hukuma. Tun daga watan Oktoba na 2023 Hukumar Kula da Muhalli ta kafa sharuɗɗa ga rufaffun bututun ƙasa, kuma wanda filinsa ke kusa da rijiya ko maɓuɓɓugar ruwan sha, ko yake cikin yankin da ake kare ruwan ƙasa, zai iya buƙatar lasisi. Sannan a nemi taswirar wayoyin lantarki da bututun gas da na ruwa, wadda ake samu kyauta ta shafin intanet na LSBUD, a kuma bi filin da na'urar gano waya, domin taswira ba ta nuna wayar da wani tsohon mai gida ya ja zuwa gareji. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Afrilu zuwa Satumba, lokacin da mota ba za ta mayar da lambu taɓo ba.

Miƙaƙƙe ko naɗaɗɗe

Hanyoyi biyu ne aka fi bi. Ta farko ita ce miƙaƙƙen bututu, wanda yake tafiya ta gefe ɗaya na rami mai faɗin mita ɗaya, ya juya a ƙarshe, ya dawo ta ɗaya gefen. Ta biyu ita ce a naɗa bututun zobe-zobe, kowane zobe yana hawa kan na kusa da shi, a kwantar da su a rami mai faɗin mita 1.2. Naɗaɗɗen yana rage tsawon haƙa sosai, amma ba ya rage faɗin filin da ake buƙata yadda ake zato, domin sai an bar kimanin mita 5 daga tsakiyar wannan rami zuwa tsakiyar wancan. Ƙasa ce ke ba da ɗumi, ba roba ba, kuma cusa bututu mai yawa a ƙaramin wuri ba ya ƙara abin da wurin ke iya bayarwa. Inda fili ya wadata, miƙaƙƙen ya fi sauƙin fitar da iska, ya kuma fi raba sanyi daidai.

A misalinmu, da tazarar mita ɗaya tsakanin bututu da bututu, ana buƙatar mita 300. Ba a yinsa zagaye ɗaya, domin famfo zai wahala wajen tura ruwa, sai a raba shi. Tambayar ita ce a raba gida nawa, kuma amsar tana cikin saurin ruwa. Don ɗauko kilowat 6 da bambancin digiri 3, ana buƙatar kamar lita 30 a minti ɗaya. Idan aka raba gida uku, kowane zagaye zai samu lita 10, wanda a cikin bututu mai faɗin milimita 32 gudu ne na sanyin jiki: ruwan zai riƙa sulalewa a hankali ba tare da cuɗanya ba, na jikin bango ya ɗumama, na tsakiya ya wuce da sanyinsa. Idan aka raba gida biyu, mita 150 kowanne, kowane zagaye zai samu lita 15, ruwan ya fi motsuwa, ya fi ɗaukar ɗumi. Ko gida nawa aka raba, dole tsawonsu ya zama ɗaya ko kusa da haka, in ba haka ba ruwa zai bi gajeren ya bar dogon.

Bututun da ake amfani da shi baƙar roba ce mai ƙarfi, PE100, mai kaurin bango SDR11, milimita 32 ko 40. Akwai nau'in da aka ƙara wa haruffan RC, wanda ya fi jure matsin dutse da karce, kuma ya cancanci ƙarin kuɗinsa a ƙasa mai tsakuwa. A yi odar kowane zagaye a naɗi guda cikakke, domin manufar ita ce kada a binne haɗi ko ɗaya a cikin rami.

Haƙa

A zana layin ramuka da fenti ko turaku da igiya bisa zanen ɗan kwangila. Kowane zagaye na mita 150 yana buƙatar rami mai tsawon mita 75, kuma ba lallai ya miƙe ɗoɗar ba, zai iya lanƙwasa ya bi siffar filin muddin ba a matse kwana ba, kuma an bar mita ɗaya tsakaninsa da maƙwabcinsa. Direban motar haƙa ya fara kwashe baƙar ƙasar sama ya tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa kuma ɗaya gefen, domin idan suka gauraya ciyawa za ta daɗe ba ta farfaɗo ba. A ajiye tarin nesa da bakin rami da aƙalla mita ɗaya don nauyinsa kada ya rusa bango.

Zurfin da aka saba shi ne mita 1.2. Idan bai kai mita ɗaya ba, sanyin hunturu zai riƙa isa ga bututun daidai lokacin da aka fi buƙatar ɗumi. Idan kuma aka zarce mita 2, ɗumin bazara zai yi jinkirin isa don ya mayar da abin da aka ɗiba, ga ƙarin kuɗi da ƙarin haɗari.

Haɗarin nan ba abin rainawa ba ne. Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya za ta iya wuce tan ɗaya da rabi a nauyi, kuma mutumin da ya sunkuya yana gyara bututu a rami mai zurfin mita 1.2 kansa yana ƙasa da bakin ramin. A ƙasa mai yashi ko mai jiƙa a karkata bangon ko a tokare shi, kada kowa ya shiga yayin da motar ke aiki kusa, kada mutum ya yi aiki shi kaɗai, a kuma sake duba bango bayan kowane ruwan sama. Idan aka ci karo da tsofaffin bututun yumɓu na janye ruwa, waɗanda suka cika tsofaffin gonakin Ingila, a gyara wanda ya fashe kafin a wuce, in ba haka ba wurin zai zama fadama.

Shimfiɗa bututu

A bi ƙasan ramin da ƙafa a tsince duwatsu masu kaifi da fasassun bulo da saiwoyi. Idan ƙasar mai laushi ce, ana iya kwantar da bututu a kanta kai tsaye, kuma hakan ya fi, domin yumɓu mai danshi ya fi yashi kai ɗumi. Idan mai tsakuwa ce ko mai ƙanƙarar dutse, a zuba yashi mai kaurin santimita 10 a ƙasa, wani santimita 10 a sama. Kada a wuce haka da sunan kariya, saboda yashi mai yawa idan ya bushe yakan zama shinge tsakanin bututu da ƙasa.

Naɗin bututu yana da taurin kai, musamman da safe mai sanyi, don haka a bar shi a rana na ɗan lokaci ya yi laushi. A warware shi ta hanyar mirgina naɗin a tsaye, ko a ɗora shi kan abin juyawa, kada a ajiye shi a kwance a riƙa jan baki ɗaya, domin hakan yana murɗa shi. Mutum uku sun fi biyu a wannan aiki. A riƙa danne shi da 'yan tarin ƙasa mai laushi kowane mita biyu ko uku don ya tsaya a gefen rami. A wajen juyawa kada a lanƙwasa shi fiye da kima: ga bututu mai milimita 32, a bar kwanar ta yi faɗin da daga tsakiyarta zuwa bututu ya kai santimita 80, wato sai an faɗaɗa ƙarshen ramin ya fi sauran. A ranar sanyi sosai ana buƙatar ninkin haka. Wurin da ya karye ya yi fari ya riga ya raunana ko da an miƙe shi, kuma hukuncinsa shi ne a canja naɗin, ko a yanke a yi haɗin narkarwa a rubuta wurin a taswira. Bakunan bututu su kasance a toshe koyaushe, domin tsakuwa ɗaya da ta shiga za ta iya maƙalewa a injin, kuma a sa wa kowane baki alama da tef don a san wane zagaye ne, wanne ne mai fita, wanne ne mai dawowa.

Mahaɗa da shiga gida

Duk zagayen suna taruwa a mahaɗa, wadda take cikin akwatin roba mai murfi da aka binne daidai da fuskar ƙasa. A nan kowane zagaye yake da bawul ɗinsa na rufewa da ma'aunin gudun ruwa. Ya fi kyau mahaɗar ta kasance a wuri mafi tudu, ta yadda iska za ta riƙa hawowa gare ta da kanta.

Haɗin da aka fi amincewa da shi shi ne na narkarwa da lantarki, inda ake sa bakunan biyu cikin soket mai waya a ciki, inji ya zafafa wayar har robar ta narke ta zama abu ɗaya. Ingancinsa ya dogara da shiri: a yanke baki daidai ba a karkace ba, a kankare fatar sama da makankarin da aka yi don haka ba da takardar gogewa ba, a goge da sifirit, a bari ya bushe, kada a sake taɓawa da hannu, a ɗaure bututun da maƙali don kada ya motsa, sannan a ba shi cikakken lokacin hucewa da aka rubuta a jikin soket. Danshi yana ɓata haɗin, don haka idan ana yayyafi a kafa rumfa.

Daga mahaɗa zuwa gida bututu biyu ne masu milimita 40, mai kai ruwa da mai dawo da shi. A raba su da tazara a cikin rami, ko a naɗe su da soson roba, don kada mai sanyi ya sace ɗumin mai dawowa. Daga mita ɗaya da rabi kafin bango, da duk inda suka gitta bututun ruwan sha ko magudana, naɗewa wajibi ne. Su ratsa bango ta cikin wani bututu mafi faɗi, a toshe gefensa don hana ruwa da ƙwari shiga. A cikin gida kuma sai an rufe su ruf da soson da tururi ba ya ratsawa, a manne duk wata gaɓa da gam, domin bututu mai sanyin digiri 2 a ɗaki mai ɗumi zai riƙa gumi yana ɗiga.

Gwaji, sannan binnewa

Kafin a mayar da ƙasa, a cika bututun da ruwa mai tsabta, a fitar da iska, a matsa shi da famfon gwaji bisa tsarin ƙa'idar BS EN 805. Da ruwa ake wannan gwaji, ba da iska ba, domin matsattsiyar iska idan ta ɓalle tana iya jikkata mutum. Roba tana ɗan buɗewa idan aka matsa ta, don haka allurar geji za ta sauka kaɗan da farko ko da babu yoyo, kuma tsarin gwajin ya tanadi wannan: ana riƙe matsin na wani lokaci, a sauke shi da gangan, sannan a duba ko allurar za ta ɗan ɗago ta tsaya. Idan ta ci gaba da sauka, akwai yoyo. Rana mai zafi a kan baƙar roba tana rikita sakamako, don haka safiya ko ranar hadari ta fi. A rubuta alƙaluman, ɗan kwangila ya sa hannu.

Daga nan, kafin ko shebur ɗaya ya sauka, a ɗauki hotuna, a auna nisan kowane rami da kowace kwana daga kusurwoyin gida biyu, a zana taswira. Wanda zai sayi gidan bayan shekara 15 ya so kafa shinge ko haƙa tafkin kifi, da wannan takarda kaɗai zai san inda zai kauce.

A bar matsin a cikin bututu yayin binnewa, a sa wani yana duba geji, don idan dutse ya huda a gane nan take. Santimita 15 zuwa 20 na farko da hannu ake zubawa, da ƙasa mai laushi marar dutse, a tattake ta a gefen bututun don kada a bar kogo, domin kogon iska yana hana ɗumi wucewa. Idan yumɓun ya fito gunduma-gunduma, a farfasa shi, a kuma yayyafa ruwa ya zauna. A kamar santimita 30 sama da bututun a shimfiɗa tef ɗin gargaɗi mai launi. Sauran ƙasar mota za ta iya turawa, kashi-kashi, ana dannawa, amma kada ta hau kan ramin sai ƙasa ta yi kauri. Baƙar ƙasar sama ita ce ta ƙarshe, a bar ta da ɗan tudu saboda za ta zauna cikin watanni. Bayan an gama a sake gwajin matsi.

Wankewa da cikawa

Iskar da ta maƙale a bututu tana rage gudun ruwa, wani lokaci ta tsayar da zagaye ɗaya gaba ɗaya ba tare da kowa ya sani ba. Ƙaramin famfon da ke cikin injin ba shi da ƙarfin korarta, don haka ana kawo babban famfo da duro, ruwa ya fita daga duron ya zagaya ya dawo cikinsa ta rariya. Ana buƙatar gudun da ya kai mita 0.6 a daƙiƙa, wato kamar lita 20 a minti a bututu mai milimita 32. A rufe sauran zagaye a wanke ɗaya bayan ɗaya, kowanne aƙalla minti 15 bayan kumfa ta daina fitowa, sannan a buɗe duka tare.

Sai ruwan hana daskarewa. Bututu mai milimita 32 yana ɗaukar ɗan fiye da rabin lita a kowace mita, mai milimita 40 kuma kusan lita 0.8, don haka misalinmu zai ci kamar lita 200 idan aka haɗa da bututun shiga gida. Idan ana son kashi 25 cikin 100, lita 50 ke nan na gilaikol, wato sinadarin hana daskarewa, abin da zai kare ruwan zuwa wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Ainihin adadin yana cikin littafin injin. Gilaikol iri biyu ne. Na etilin ya fi saurin gudu a sanyi, amma guba ne mai zaƙi da kare ko kyanwa za su iya lasa. Na furofilin ba shi da wannan haɗari, sai dai ya fi kauri, yana ƙara wa famfo aiki. A Suwidin an fi amfani da etanol. Ruwan hana daskarewa na mota bai dace ba sam. A gauraya shi da ruwa a duro kafin a tura, a bar shi ya zagaya sosai, sannan a ɗiba sau biyu ko uku a lokuta daban a auna yawan gilaikol ɗin da na'urar da ke amfani da haske wajen awo. Idan awon bai zo ɗaya ba, bai gama gaurayuwa ba. Kada a ƙara fiye da abin da aka ce da sunan riga-kafi, domin yawansa yana rage ɗaukar ɗumi. A ƙarshe a bar matsin da kamfanin injin ya faɗa, yawanci tsakanin 1 da 2 a awon matsi da ake kira "bar", a daidaita bawul har ma'aunan duk zagaye su nuna gudu ɗaya.

Idan fili bai isa ba

Yawancin gidajen cikin gari ba su da murabba'in mita 300, kuma mafitarsu ita ce rijiyar burtsatse, wadda ba ruwa ake nema da ita ba. Ana haƙa rami mai faɗin kamar santimita 15 zuwa zurfin mita 60 har 200, a zura bututu biyu da aka haɗa bakunansu na ƙasa tun daga masana'anta, a cike ramin da kwaɓin yashi da wani irin yumɓu mai suna bentonait daga ƙasa zuwa sama ta wani bututu na daban, don kada a bar kogo kuma kada ruwan wani mataki ya gauraya da na wani. Ƙiyasin Jamus na wat 50 a kowace mita a dutse matsakaici zai ba gidanmu mita 120, kodayake jadawalin MCS sau da yawa yakan nemi fiye da haka. Idan rijiyoyin sun wuce ɗaya, a raba su da aƙalla mita 6. Wannan aikin masu injin haƙa ne kaɗai, kuma a yankunan da aka taɓa haƙar kwal sai an samu izinin hukumar da ke kula da tsofaffin ma'adinai, saboda gas da kogunan da ke ƙasa.

Hunturun farko

A makonnin farko a riƙa wanke matatar da ke gaban injin, domin ragowar datti a nan yake taruwa. Matsi zai iya sauka kaɗan yayin da ragowar iska ke fita kuma ruwa ke ƙanƙancewa da sanyi, sai a ƙara da ruwan da aka riga aka gauraya, ba da ruwan famfo zalla ba. Idan gidan sabon gini ne, kada a yi amfani da injin wajen busar da daɓe da filasta, saboda wannan aiki yana zuƙe ɗumin da ya wuce abin da aka yi wa bututun awo, ga kuma ƙasar da ba ta gama zama ba. A yi hayar hita don wannan.

A ajiye ɗan littafi kusa da injin, a riƙa rubuta ɗumin ruwan da ke shiga da na wanda ke fita sau ɗaya a mako, injin yana cikin aiki. Bambancin digiri 3 ko kusa da haka alama ce ta gudu mai kyau. Idan ya kai 5 ko 6, ruwa ba ya gudu yadda ya kamata, sai a duba matata, a duba ma'aunan mahaɗa ko wani zagaye ya tsaya saboda iska. Ruwan da ke shiga zai fara da wajen digiri 10 ko fiye a Oktoba, ya riƙa sauka har Fabrairu ko Maris, sannan ya fara hawa. Idan ya sauka ƙasa da sifili tun a Disamba, ko matsi ya ci gaba da raguwa bayan an ƙara sau biyu, a kira ɗan kwangila ya rufe zagayen ɗaya bayan ɗaya daga mahaɗa, ya gwada kowanne shi kaɗai har a gano wanda ke da matsalar.